Masu gudu da Strava, taswirarku a buɗe take ko a rufe?

Abba_Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe suna amfani da Strava, manhajar wayar nan mai auna gudu da zana hanyar da ka bi a taswira, ko makamantanta. Ni sabon shiga ne, bayan sallar asuba nake fita in ɗan yi gudu daga unguwarmu in zaga ta wajen Ƙofar Mata in dawo, in na gama sai in ajiye ya hau, abokai su gani su ba ni kudos, wato su danna min babban yatsa na jinjina, kuma gaskiya abin na ƙara min ƙwarin gwiwa don ba don shi ba da tuni na koma barcin safe. To jiya yayana ya karɓi wayar yana dubawa, ya sa yatsu biyu ya buɗa taswirar sai ga layinmu ɓaro-ɓaro har ƙofar gida, ga ƙarfe nawa na fita ga ƙarfe nawa na dawo. Ya ce wai ni da hankalina nake shelanta wa duniya lokacin da nake fita da waya a hannu cikin duhu, a garin da ake fama da ƙwacen waya. Ya ce ko in goge ko in rufe. Ni kuma ina ganin in na rufe to meye amfaninsa, ai don a gani ake yi. Ku ya kuke yi da naku?

Sadiq_Tarauni: Wa'alaikumus salam. Yayanka ya fi ka gaskiya, rufe kawai malam.

Injiniya_Bash: Abba tsaya tukuna, a wayarka yayan naka ya duba ko a tasa? Don akwai bambanci. Kai mai akawun komai kake gani daga inda ka danna farawa har inda ka tsayar, amma sauran mutane ba lallai su ga haka ba. Sababbin akawun manhajar da kanta take ɓoye mita 200 na farko da mita 200 na ƙarshe, kuma in ka shiga setin wajen sirri za ka iya ƙara tsawon abin da ake ɓoyewa, ko ka sa adireshin gidanku ka ce duk abin da ya fara ko ya ƙare kusa da nan a ɓoye shi, ko ma ka ɓoye taswirar gaba ɗaya a bar nisa da lokaci kawai. Ka karɓi wayar wani abokinka da yake bin ka ka duba ta can, shi ne za ka san ainihin abin da mutane ke gani.

Abba_Fagge: A wayata ya duba Injiniya. Bari in gwada ta wayar wani in gani.

Sadiq_Tarauni: Mita 200 ɗin me? A cikin unguwa irin Fagge wanda ya san ka ai ya riga ya san gidanku, wanda bai san ka ba kuma ba gidan yake nema ba, hanyar da kake bi kullum da lokacin yake nema. Ɓarawon waya ba ɗaki zai biyo ka ba, a kwana zai tsaya ya jira ka.

Kekena_Zariya: Haba Sadiq, kai yanzu kana ganin yaran nan masu ƙwace sai sun sauke Strava sun buɗe akawun sun yi nazarin taswira kafin su tare mutum? Wanda zai ƙwace maka waya ganin haskenta ya yi a hannunka ko ya ga zaren iyafis na lilo a wuyanka, shi ke nan. Ni nawa a buɗe yake tun da na fara hawa keke, daga Samaru in miƙa hanyar Shika in dawo, ban taɓa ganin komai ba sai alheri, ta nan ma na haɗu da yawancin waɗanda muke fita tare yanzu. Da a rufe yake ina za su gan ni?

Hauwa_KD: Ku maza kuna maganar waya, mu namu ya wuce waya. Wata ƙawata da muke zagaye tare a filin wasa na Ahmadu Bello nan Kaduna, nata a buɗe yake da hotonta da cikakken sunanta, sai wani da ba ta sani ba ya fara ba ta kudos a kan komai, ko tafiyar minti 10 ta sa sai ya danna, daga nan ya koma rubuta sannu da ƙoƙari Hajiya a ƙasa, ana nan ranar wata Asabar sai ga mutum a bakin get yana mata sallama da sunanta yana cewa ai ya ga jiya ba ta fito ba lafiya dai ko. Bai yi mata komai ba amma wallahi har muka gama zagayen hannunta rawa yake, ruwan gorarta ma kasa buɗewa ta yi. Tun ranar ta mayar da shi sai mabiya kaɗai, kuma duk wanda ya nemi bin ta sai ta san shi ido da ido take karɓa. Nawa ma haka yake, ba sunana na gaskiya, ba hoton fuska, hoton takalmi ne.

Kekena_Zariya: Subhanallah. To wannan kam daban ne Hajiya, ban musa ba. Ni a kan maza nake magana.

Hauwa_KD: Ai matsalar ke nan, in an tashi ba da shawara sai a ce a bar shi a buɗe ba komai, a manta ƙannenku mata ma suna karantawa.

Dan_Tasha: Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri, abin nan yana cin data sosai? Don ni data ta ta wata ba ta kai ni wata.

Injiniya_Bash: @Dan_Tasha ba ya ci. Mutane da yawa sun ɗauka GPS da data yake aiki, a'a. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka suke can sama wajen kilomita 20,000 suna ta aiko da sigina mai ɗauke da lokaci da inda kowannensu yake, wayarka saurara kawai take ba ta aika musu komai, in ta kama aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda take. Yawancin wayoyin yanzu ma ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Saboda haka ko ka kashe data, ko kana dajin da babu sabis sam, za ta zana hanyarka, sai ka dawo gida ka kunna ta tura. Inda data ke taimakawa shi ne wajen saurin kamawa da farko, da kuma nuna hoton taswirar a ƙarƙashin layin. Turawar kanta ba ta kai nauyin bidiyo ɗaya na sitatus ba, sai dai in ka lafta hotuna.

Dan_Tasha: Allah ya saka da alheri, to caji fa?

Injiniya_Bash: Caji kam tana ci, musamman in ka bar sikirin a kunne kana leƙawa kowane minti. Kashe sikirin ka jefa aljihu.

Mubarak_Rijiyar_Zaki: Tunda an zo nan bari in sako tawa. Ni da abokina tare muke fita tare muke dawowa, kafaɗa da kafaɗa, amma shi tasa ta rubuta kilomita 8.4 tawa ta rubuta 7.6, kuma in ka duba taswirata sai ka ga wani miƙaƙƙen layi ya ratsa ta kan gidajen mutane kamar tashi na yi. Har ya fara min tsiya wai yanke nake yi.

Injiniya_Bash: Wannan miƙaƙƙen layin shi ne amsar. Wayar ce take kashe manhajar in ka kashe sikirin don ta adana caji, sai ta daina ɗaukar inda kake, in ta farfaɗo sai ta haɗa inda ta tsaya da inda ta tsinci kanta da layi ɗaya, duk kwanar da ka sha a tsakani ta tafi a banza. Shiga setin batir ka nemo manhajar ka cire ta daga cikin waɗanda ake taƙaita wa caji, ka kashe yanayin adana batir kafin ka fita, izinin wuri kuma ka tabbata ka ba ta na daidai ba na kusa-kusa ba. Sannan kada ka fito daga ɗaki ka danna farawa nan take, tsaya a fili ka ba ta ɗan lokaci ta kama sigina tukuna. Shi ma abokin naka kada ya cika baki, mai yiwuwa tasa ƙari ta yi. Waya ɗigo-ɗigo take ɗauka tana haɗawa, a fili tana iya kuskuren 'yan mitoci, a lungu mai dogayen katangu ko ƙarƙashin gada kuskuren ya fi haka, sai layin ya riƙa karkacewa hagu da dama, kowace karkata kuma ƙarin nisa ce da ƙafarsa ba ta taka ba.

Koci_Lawal: In kuna son raba gardama ku je filin wasa mai layin gudu na ƙa'ida. Layin ciki mita 400 ne, zagaye 5 kilomita 2 ke nan cif, zagaye 25 kilomita 10. Ku kunna wayoyin ku zaga 5 a layin ciki ku ga wacce ta fi kusa. Ina gaya wa yarana kullum, a kan tirak agogon tsayarwa da ƙirgen zagaye sun fi GPS gaskiya, don a kwana take rikicewa. Haka in kun je gasa ta gaske, rabin marathon kilomita 21.1 ne, cikakken marathon kuma 42.195, amma za ka ga agogon mutum ya nuna fiye da haka ya zo yana kumfar baki wai an cuce su hanya ta yi tsawo. Ba a cuce ka ba. Hanyar gasa da keke ake auna ta mai na'urar ƙirga juyin taya, kuma ta mafi gajeren layin da mutum zai iya bi ake aunawa, kai kuwa ka yi ta kauce wa mutane kana zuwa gefe karɓar ruwa kana shan kwana ta waje.

Mubarak_Rijiyar_Zaki: Koci na gode, ranar Asabar zan ja shi filin Sani Abacha a yi ta ta ƙare.

Baffa_Mai_Ritaya: 'Ya'yana ku bar ni in sa baki ko da yake ni ba gudu nake ba. Likita ne ya ce in riƙa tafiya saboda suga da hawan jini, 'yata da ke aure a Kaduna ita ta sa min abin nan a waya da ta zo, ta kuma sa kanta a matsayin mai bi na, ita da ƙaninta su ke nan mabiyana. In na dawo daga masallaci na sha ruwa sai in zaga unguwa, in na gama in danna, kafin in cire takalmi ta gani. Ran da ban fita ba kuwa kafin 8 za ta kira, Baba lafiya yau ban ga tafiyarka ba. To kun ga ni rufewar ba ta rage min komai ba, wanda nake so ya gani yana gani. Abba ɗana, su waye kake so su gani ɗin? In abokanka ne ai ba su fi a ƙirga ba, ka karɓe su ka rufe sauran.

Abba_Fagge: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya abokai ne, amma akwai maganar segiment, an ce in ka rufe sunanka ba ya hawa teburin.

Dan_Tasha: Meye kuma segiment?

Kekena_Zariya: Wani yanki ne na hanya da wani ya yanka ya sa masa suna, misali daga wannan shataletale zuwa wancan, duk wanda ya bi ta wajen da manhajar a kunne sai a jera shi da sauran a ga wa ya fi sauri. Na ɗaya a keke shi ake ba kambun KOM, wato sarkin hawa, mace kuma QOM, sarauniyar hawa, akwai kuma wanda ake ba wanda ya fi kowa yawan bin wajen cikin kwana 90 ko da ba shi da sauri. Kuma eh Abba gaskiya ne, aikin da ka sa mabiya kaɗai ba ya shiga teburin kowa da kowa, sai wanda ka bari a buɗe. Shi ya sa ni ba zan rufe ba, akwai wani hawa da na daɗe ina fafatawa da wani bawan Allah a kai, ban taɓa ganinsa ba amma in ya karɓe sai na ji kamar an ci min bashi.

Pam_Jos: Ku mutanen Kano da Zariya wane hawa gare ku don Allah 😂 in ban da Dala da Goron Dutse ai garinku shimfiɗe yake. Ku zo Jos ku bi hanyar duwatsun Shere ku ga yadda lambar hawa ke tashi. Mu nan muna sama da mita 1,200 daga teku, Kano ba ta kai 500 ba, ba banza ba yawancin masu dogon gudu na ƙasar nan daga Filato suke fitowa, ku tambaya a Pankshin.

Sadiq_Tarauni: Pam kai dai ka zo Kano a watan Afrilu ka yi kilomita 10 da ƙarfe 9 na safe sannan mu yi maganar wa ya fi wahala.

Pam_Jos: Wannan kam na sallama, ba zan zo ba 😂

Ummi_Gwarinpa: Maganar teburin nan ni dariya take ba ni. A wani segiment kusa da tafkin Jabi an taɓa samun wanda ya yi kilomita ɗaya cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, a ƙafa wai. Kowa ya san mota ya shiga ya manta bai tsayar ba, ko kuma bai manta ɗin ba. In za ku yi ta buɗe taswirarku saboda teburin da mai adaidaita sahu zai iya cinyewa to Allah ya ba da sa'a.

Kekena_Zariya: Ana kai ƙara ai Hajiya Ummi, akwai wajen da za ka danna ka yi rifot a cire shi daga teburin. Mu a keke masu babur ne matsalarmu, mutum ya yi 70 a awa a kan hawa ya ce keke ne.

Malam_Sani_Gwale: Ni abin da ya fi damuna a lamarin nan ba ɓarayi ba ne. Abba ya ce ai don a gani ake yi, wannan kalmar ta tsaya min. Yanzu mutum ba zai motsa jiki don lafiyarsa ba sai don a danna masa babban yatsa? Na ga wanda cajinsa ya ƙare a hanya ya ce shi gudun ranar asara ne tunda bai hau ba. Jikinka ai ya amfana ko waya ta rubuta ko ba ta rubuta ba. Ina jin tsoron kada abin ya koma riya, ga kuma baki, kullum kana nuna wa mutane ƙarfinka da lafiyarka ba kowa ke maka fatan alheri ba.

Ummi_Gwarinpa: Malam da girmanka, riya ai a ibada ake maganarta, wannan guje-guje ne. In na sa na yi kilomita 5 wata ta gani ta ce ita ma bari ta tashi, ina laifi? Mu a rukuninmu mata nawa ne suka fara fitowa saboda sun ga na wata.

Malam_Sani_Gwale: Ban ce haramun ba ne Hajiya, kuma in niyyar ƙarfafa wasu ce madalla. Cewa na yi kowa ya duba zuciyarsa. Wanda zai fasa fita don waya ba caji shi ya san don wa yake fita.

Koci_Lawal: Malam akwai ƙamshin gaskiya a maganarka ta wani ɓangaren da ni nake gani a fili. Gudun da ake cewa na sauƙi, wanda ya kamata mutum ya yi shi a hankali har yana iya hira, yaran yanzu ba sa iya yin sa, saboda kunyar kada a ga sun yi kilomita a minti 7. Kullum sai an ƙure, kullum ana neman lambar da za a nuna, wata biyu sai ka ji gwiwa ko ƙashin ƙwauri ya fara ciwo. Wasu kuma da sun tsaya shan iska sai su danna tsayarwa, lokacin da ake nunawa ya yi kyau, alhali manhajar tana ajiye duka biyun, lokacin motsi da lokacin da aka ɗauka gaba ɗaya, ranar gasa kuma agogo ba ya jiran kowa. Amma ta ɗaya gefen ni ina amfana, ina zaune zan ga wa ya yi aikin da na ba shi wa ya kwanta, da can sai dai in yarda da abin da aka gaya min.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku yi hanƙuri da Hausarmu. Ni ina ganin kun ɗauki zancen taswira da wasa. Ku tuna abin da ya faru a farkon 2018, tun ƙarshen 2017 kamfanin ya fitar da wata taswira ta duniya da ke haska duk inda mutane suka fi bi, wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya duba ya ga wurare suna haske a tsakiyar hamada a Siriya da Afganistan inda ba kowa, ashe sansanonin soja ne, sojojin na gudu suna zagaya cikin sansani da agogo a hannu har siffar wurin ta fito. Kuma a 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna ana iya gane inda shugabanni za su sauka, har da Macron da Biden, ta hanyar bin akawun ɗin masu tsaron su da ke fita gudu kusa da otal. In waɗanda aikinsu ke nan tsaro sun yi sake haka, mu fa? Mu nan da ke kusa da iyaka, inda ake ɗaukar mutane don kuɗin fansa, wanda duk aka san yana da ɗan hali bai kamata a san hanyarsa da sa'arsa ba.

Kekena_Zariya: Issoufou ai mu ba sojoji ba ne ba kuma shugabannin ƙasa ba, wa zai ɓata lokacinsa a kaina ni da kekena na gwanjo.

Issoufou_Maradi: Kai ka san na gwanjo ne, wanda ya ga hoton keke da agogo da hular kwano a intanet bai sani ba. Kuma hanyar Shika da ka ambata da bakinka ai ba cikin gari ba ce.

Injiniya_Bash: Ƙarin bayani kan abin da Issoufou ya kawo, waccan taswirar mai haske ana iya cire kai daga cikinta a setin, akwai wajen da za ka hana a yi amfani da bayananka a ciki. Akwai kuma Flyby, wanda ke nuna maka waɗanda kuka gifta da juna a hanya, shi ma a duba a tabbata a kashe yake, musamman mata, don ta nan wanda kuka yi kiciɓis da shi sau ɗaya zai iya nemo akawun ɗinki. Sannan ɓoye farko da ƙarshen hanya da na faɗa ɗazu ba katanga ba ce, masu bincike a jami'ar KU Leuven ta Beljiyam sun nuna a 2022 cewa in mutum yana yawan tashi daga wuri ɗaya ana iya lissafo wurin ko da an ɓoye, ta hanyar nisan da aka rubuta da yadda titunan wajen suke. Abin da ya fi shi ne kada ka kunna a ƙofar gida sam. Taka zuwa babban titi ko wani shataletale ka kunna a can, in ka dawo nan ma ka kashe, ka ƙarasa gida a ƙafa jikinka ma ya huce.

Hauwa_KD: Flyby ɗin nan ban san da shi ba wallahi, yanzu zan duba. Na gode Injiniya.

Nura_Sabon_Gari: Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. Ba dole sai Strava ba, akwai Nike Run Club akwai adidas Running akwai Samsung Health, ka auna abinka ka ɗauki sikirinshot na lambobin ka yanke taswirar ka sa a sitatus, waɗanda ke da lambarka su gani. Magana ta ƙare.

Sadiq_Tarauni: Nura mutum nawa ne ke da lambarka da ba ka san su ba? Mai gyaran fanka da wanda ka sayi rago wajensa bara duk suna kallon sitatus ɗinka 😂

Nura_Sabon_Gari: Shi ya sa na ce a yanke taswirar ai, karanta da kyau.

Maman_Hanif: Ni ta wani gefen nake kallon abin. Maigidana yana fita da keke ranar Lahadi su yi nisa sosai, wani lokaci har wajen Tiga, da can in ya wuce lokacin da ya ce hankalina tashi yake in yi ta kira ba ya ɗauka don wayar na aljihun baya. Yanzu kafin ya fita yake turo min wani link na Beacon, abin bin sawu kai tsaye na cikin Strava, ina kicin ina ganin ɗigonsa yana tafiya, in ya tsaya na san sun tsaya shan shayi ne ko faci. Ni kaɗai ke da shi ba duniya ba. Sai dai shi wannan yana buƙatar data da sabis, in sun shiga inda babu sai ɗigon ya tsaya cak, ranar farko da ya yi haka saura kaɗan in kira ƙaninsa. To bin sawun nan dai ba duka ne sharri ba, ya danganta da wa ka ba.

Baffa_Mai_Ritaya: Abin da na faɗa ke nan 'yata.

Abba_Fagge: Na dawo. Na duba ta wayar abokina kamar yadda Injiniya ya ce, gaskiya ƙofar gidanmu ba ta fito ba, layin daga bakin titi ya fara, amma duk wanda ya san unguwar zai gane ta wane lungu nake fitowa, kuma lokacin yana nan 5:50 kusan kullum. Yanzu na mayar da akawun ɗin sai na amince kafin a bi ni, na cire wasu mutum biyu da ban san su ba. Abin da ban yanke ba shi ne na ranar Asabar da muke yi da yawa a filin wasa, ina so in riƙa barin wannan a buɗe saboda teburin, na sauran ranaku in rufe. Ana iya yin haka ko sai dai duka?

Injiniya_Bash: Ana iyawa, kowane aiki da ka ajiye kana iya zaɓar masa nasa, kowa ko mabiya ko kai kaɗai. Ka sa na kullum ya zama mabiya, na Asabar ka buɗe shi da hannu.

Sadiq_Tarauni: An gudu ba a tsira ba ke nan, ka rufe na kullum ka bar wanda ke cewa duk Asabar ƙarfe kaza ga inda nake. Ni dai har yanzu ina kan bakana.

Kekena_Zariya: Sadiq a filin wasa cikin mutum hamsin? To in haka ne kada ya je sallar Juma'a ma tunda an san lokacin.

Hauwa_KD: Na duba nawa Flyby a kashe yake alhamdulillah. Amma Abba ka gaya wa yayan naka abin da ka yi, ka ji ko ya gamsu, don shi ya san unguwarku mu ba mu sani ba.

Abba_Fagge: Na gaya masa Anti Hauwa, ya ce shi dai a bar wayar a gida a sayi agogo. Na ce ya kawo kuɗin.

Mubarak_Rijiyar_Zaki: Masu agogo don Allah nawa ake samun na hannu mai GPS nasa na kansa, ba irin wanda sai an haɗa da waya ba? Don na ga wasu a Farm Centre masu arha amma mai shagon ya kasa gaya min ko suna aunawa in babu waya a kusa.

Koci_Lawal: Mubarak kafin ka biya ka sa a kashe bulutut ɗin wayar, ka fita waje da agogon ka sa shi a gudu ka ga ko zai nemi sigina da kansa. In bai nema ba taku kawai yake ƙirgawa yana kintata nisa. Ka fara zuwa filin ranar Asabar ɗin dai mu ga taka da ta abokinka wacce ke ƙarya.